Muhawara: ina ya kamata filasha ta tsaya idan ana ɗaukar hoton kewaye a cikin kango?

Ɗanladi: Assalamu alaikum. Ina neman shawarar manyanmu na wannan zaure a kan wani aiki da ya gagare ni. Ranar Asabar da ta wuce na je wani gari da ke kan layin dogon Kano zuwa Nguru, inda akwai wani tsohon sito da aka riƙa tara gyaɗa a cikinsa lokacin da take tashe, yanzu kuwa ya zama kango, babu kowa sai jemagu da tantabaru. Tsawonsa zai kai mita 30, faɗinsa kamar mita 12, da ginshiƙan ƙarfe layi biyu, kwanon rufin kuma duk ya huhhuje. Na kafa kyamarata mai cikakken firam, wato mai babban farantin kama haske, a tsakiyar siton bisa mai ƙafa uku, na kwantar da ita a gefe domin hoton ya fito a tsaye, na sa gilashi mai milimita 24, na ɗauki hoto 10 ina juyawa digiri 36 tsakanin kowane biyu har na zagayo inda na fara. Saboda duhun wurin, filasha tana bisa kan kyamarar. Da na koma gida na ɗinke hotunan a manhajar Hugin, sai abin ya fito da zane-zane, nan haske nan duhu, wasu ginshiƙan ma inuwa biyu gare su, bangon ƙarshe kuwa baƙi ƙirin. Shin laifin manhajar ne, ko nawa?

Malam Barau: Wa alaikumus salam. Ɗanladi, manhajar ba ta yi maka laifi ba, abin da ka ba ta shi ta ɗinke. Lissafin juyawarka daidai ne, domin gilashi mai milimita 24 a tsaye yana ganin kusan digiri 53 a faɗi, saboda haka kowane hoto ya hau kan maƙwabcinsa da kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma haka ake so. Matsalar tana wurin fitilar. Duk lokacin da ka juya kyamara, ka juya filashar tare da ita, ke nan ka ɗauki hoto 10 a ƙarƙashin haske 10 daban-daban. Ginshiƙin da ya faɗo a gefen dama na hoto na uku shi ne a gefen hagu na hoto na huɗu, amma fitilar ta riga ta sauya wuri, don haka inuwarsa ma ta gusa, manhajar kuwa ba ta san wadda za ta zubar ba, sai ta bar maka duka biyun. Zane-zanen kuma sun samo asali ne daga ɗabi'ar filasha, wadda ta fi ƙarfi a tsakiya ta raunana a gefe, alhali a gefen ake yin ɗinkin.

Maganar baƙin bango ita ce mafi sauƙin bayani. Haske yana raguwa ne da ninkin nisa a kan kansa, wato idan ka ninka nisa sau biyu, kashi ɗaya cikin huɗu na hasken ne zai isa. Ginshiƙin da ke mita 3 daga gare ka da bangon da ke mita 15, bambancinsu sau biyar ne a nisa, amma sau 25 ne a haske. Babu kyamarar da za ta gyara maka wannan muddin fitilar tana kanta. Ka sauke ta, ka dasa ta a wuri guda a kan nata maƙalin, ka tayar da ita da na'urar rediyo, kyamara ta yi ta juyawa ita kuwa tana nan daram.

Ɗanladi: Na gode, Malam, Allah ya ƙara basira. Amma idan na zagaya digiri 360, ai dole fitilar ta shigo cikin hoton, tun da babu bayan kyamara da zan ɓoye ta.

Malam Barau: Wannan ita ce ainihin wahalar hoton kewaye, kuma ita ce daɗinsa. A ɗakin hoto muna da bayan kyamara inda muke jibge komai, a nan kuwa ginin da kansa ne zai ɓoye maka kayanka. Ka nemi bayan ginshiƙi mai kauri, ko tarin buhuna, ko ɗan ofishin awo da irin waɗannan situna kan samu a kusurwa, ka sa fitilar a ciki hasken ya fito ta ƙofa. Mafi kyau ma ka fita da ita waje ta leƙo ta taga, sai mai kallo ya ɗauka rana ce. Na'urorin rediyo na zangon gigahaz 2.4, irin na Godox, masu yin su sun ce suna kai mita 100 a fili. Bango yana rage hakan, amma ga sito irin naka sun isa. Kada ka dogara da irin wadda sai ta ga walƙiyar wata sannan ta tashi, domin bango ɗaya ya isa ya makantar da ita.

Ɗan Damagaram: Da izinin Malam Barau, ni ban ga dalilin wannan ɗawainiya ba. Na ɗauki tsofaffin gidajen ƙasa da dama a unguwar Birni a nan Zinder, ciki har da waɗanda aka ƙaurace musu, ban taɓa kunna filasha ba. A kowane matsayi nakan ɗauki hoto uku, ɗaya daidai, ɗaya ƙasa da mataki biyu a haske, ɗaya sama da mataki biyu, in haɗa su su zama hoto guda ta hanyar da ake kira HDR, sai taga da lungu duk su fito. Hasken da ginin yake da shi shi ne gaskiyarsa. Wanda ya shigo da fitila ya shigo da ra'ayinsa ne, ya mayar da kango dandalin wasan kwaikwayo. Ban da haka, mai tafiya a babur ko motar haya ya san nauyin maƙali da laima da batura.

Malam Barau: Ɗan'uwa, hanyarka tana aiki, kuma ni ma nakan bi ta inda haske ya wadata. Sai dai HDR yana tattaro hasken da yake akwai ne, ba ya ƙirƙiro wanda babu. Idan lungu bai samu komai ba sai ɗan abin da ya tarwatso daga ƙasa, za ka iya buɗe labulen kyamara, wato murfin da ke buɗewa haske ya shiga, na daƙiƙa 30 ka same shi ya fito, amma zai fito a shafe, ba tudu ba kwari, domin haske ne marar alkibla. Sannan akwai lokaci. Idan Ɗanladi yana son cikakken kewaye har sama da ƙasa, layi uku zai yi, hoto 30 ke nan, idan ka ninka sau uku sun zama 90, wasunsu masu dogon buɗi. Rana tana tafiya digiri ɗaya cikin minti huɗu. A rufin da ke da tsayin mita 8, ɗigon ranar da ya faɗo ta hujin kwano zai gusa kamar santimita 14 a cikin waɗannan mintuna huɗu, idan da tsakar rana ne, da hantsi ko la'asar kuwa ya fi haka. Kafin ya zagayo, ɗigon da ya fara da shi ya bar wurinsa, ga shi kuma an koma gidan jiya.

Ɗan Damagaram: Wannan na yarda da shi, domin ya taɓa faruwa da ni a wani zaure da azararsa ta karye. Amma maganinsa shi ne a zaɓi ranar da hazo ya rufe rana, ko a fara da ɓangaren da ɗigon yake a gama da shi da wuri. Har yanzu ban sauka daga kan batun gaskiyar wuri ba.

Hajiya Asabe: Bari in sa baki a matsayin wadda ke koyar da zanen gine-gine, ba mai hoto ba, ko da yake ni ce nake amfani da abin da kuke ɗaukowa. Malam na Damagaram, kalmar gaskiya da ka kawo tana da nauyi, amma ina ganin ta fi faɗin yadda ka ɗauke ta. Idan ina son sanin halin da bango yake ciki, hasken da ya fi yi mini amfani shi ne wanda ya kwanto daga gefe yana shafar fuskar bangon, domin shi ne yake fito da tsaga, da inda yaɓe ya kumbura zai ɓare, da hanyar gara, da zanen da magini ya yi da hannunsa wanda ƙura ta cike. Wannan haske sau da yawa ba ya samuwa a cikin ɗaki sai an kawo shi. Tsagar tana nan ko an haska ko ba a haska ba, fitilar ba ta ƙirƙire ta ba. Inda nake tare da kai shi ne idan aka shiga sa wa fitila leda ja da shuɗiya, ana mayar da sito kamar gidan aljanu. Wannan ado ne, mai shi yana da 'yancinsa, amma kada ya kawo mini shi da sunan shaidar yadda ginin yake.

Kuma lamarin ba ƙarami ba ne a wurinmu. Zungeru ta kasance hedikwatar mulkin Turawa a Arewa daga 1902 zuwa 1916, yau abin da ya rage na yawancin gine-ginen wancan zamani ginshiƙai ne da tushe a cikin ciyawa. Masaƙar KTL ta Kakuri a Kaduna, wadda ta fara aiki a 1957, ta tsaya tun 2002. Irin waɗannan wurare kullum raguwa suke yi, kuma hoton kewaye yana riƙe abin da hoto guda ba ya riƙewa, wato yadda ƙofa take kallon taga, da yadda ginshiƙi yake ɗauke da rufi.

Tanimu: Hajiya ta tuna mini da Kolmanskop na ƙasar Namibiya, garin masu haƙar lu'ulu'u da ke kusa da Luderitz, wanda ya tashi bayan an tsinci lu'ulu'u a yankin a 1908, aka watse daga cikinsa a shekarun 1950, yashi ya cika ɗakunan har rabin ƙofa. Masu hoto daga ko'ina suna zuwa, amma sai da takardar izini ake shiga. Galibin hotunan da na gani na can da hasken rana aka yi su, saboda tagogin manya ne kuma yashin yana mayar da haske. Ina ganin wannan yana goyon bayan Ɗan Damagaram a wani wuri, yana goyon bayan Malam a wani wuri: ginin ne yake faɗin abin da yake bukata.

Malam Barau: Haka ne, Tanimu, siton gyaɗa kuwa ba a gina shi don haske ba. Kai haske cikin duhu ma ba sabon abu ba ne a sana'ar nan. Nadar, wani mai hoto ɗan Faransa, ya shiga ramukan ƙasusuwa na ƙarƙashin birnin Paris a farkon shekarun 1860 da fitilar lantarki mai batura, kuma saboda tsawon lokacin da kowane hoto ke ci, gumakan tufafi ya tsayar a madadin ma'aikata. A Amurka, O. Winston Link ya ɗauki jiragen ƙasa masu tururi da dare a ƙarshen shekarun 1950, yana jera ƙwayayen filasha masu ƙonewa sau ɗaya, wani lokaci fiye da 40 a hoto guda, duk a haɗe da waya. Mu da muke da rediyo da batir mai caji ba mu da uzuri.

Ɗanladi, ga yadda zan yi da ni ne. Komai ka mayar da shi hannu: buɗin labule, da ƙofar haske, wato ramin da haske ke bi a cikin gilashi, da saitin nisa, da ma'aunin fari, wato saitin launi, kuma ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba. Filashar ma ka cire ta daga TTL, domin a wannan tsari tana auna kowane hoto da kansa ne, sai ta ba ka ƙarfi daban a kowane juyi. Ka fara da hasken wurin ba tare da ita ba, ka sa ƙofa a f/8, ka nemi buɗin da zai hana hujojin rufi ƙonewa, ka bar sauran ya ɗan yi duhu. Ka tuna labule shi ke mulkin hasken wuri, bai shafi filasha ba matuƙar saurin labulen bai wuce 1/200 ko 1/250 na daƙiƙa ba, gwargwadon kyamararka. Daga nan sai ka ƙara fitila. Ga lissafin da zai hana ka wahala: ƙaramar filasha mai lambar ƙarfi 36, a f/8 da ISO 100 (ISO shi ne ma'aunin saurin kama haske na kyamara), mita huɗu da rabi kawai take kaiwa, wato 36 a raba da 8, idan ka hau ISO 400 ta kai mita 9. Ka ga ke nan guda ɗaya ba za ta cika sito mai mita 30 ba, ko da babba ce irin AD200 ta Godox.

Ɗanladi: To, Malam, ni guda ɗaya gare ni, kuma ba ni da halin ƙara wata a yanzu.

Malam Barau: Guda ɗaya ta isa idan akwai haƙuri. Ka dasa ta a wuri na farko, ka zagaya kewayenka duka. Ka ɗauke ta ka kai wuri na biyu, ka sake zagayawa, ba tare da ka taɓa mai ƙafa uku ba, kana tsayawa a kan digirin da ka tsaya da farko. Haka na uku. A gida sai ka ɗinke zagaye na farko, ka adana tsarin ɗinkin, ka ɗora shi a kan sauran, domin manhajojin ɗinki irin Hugin da PTGui duk suna yin haka. Za ka samu falle uku da suka hau kan juna daidai, sai ka jera su a manhajar gyaran hoto irin GIMP ko Photoshop da salon haɗin da ke ɗaukar ɗigo mafi haske daga kowane falle. Ribar da ke ciki ita ce, inda maƙalin fitila ya fito a falle ɗaya, sai ka goge shi ka bar abin da ke ƙarƙashinsa na wani fallen. Ba dole ba ne ma ka zagaya duka a kowane karo, hotunan da hasken ya taɓa kawai za ka maimaita. Abu ɗaya da zai ɓata maka aiki shi ne gaggawa: ka jira fitilar ta cika kafin kowane hoto, ka kuma sauya batir kafin ya galabaita, in ba haka ba hoto na takwas ba zai yi hasken na farko ba.

Ɗan Damagaram: Malam ya tsorata ni da 90, ga shi ya kawo nasa 90 ɗin ta bayan gida. Amma tun da za a yi, akwai abin da ba a ambata ba, kuma ya shafi mai filasha da marar ita. Ɗanladi, ka miƙa yatsanka, ka rufe ido ɗaya, ka juya kanka, za ka ga yatsan yana gusawa a kan abin da ke bayansa. Haka kyamara take yi idan tana juyawa a kan ramin dunƙulen da ke gindinta. Dole ta juya a kan wani matsayi da ke cikin gilashin, inda ƙofar haske take bayyana idan ka leƙa ta gaba. A fili mai nisa ba a lura, amma a cikin gini mai ginshiƙai kusa da kai, ɗinkin zai karye. Akwai kan juyi na musamman irin Nodal Ninja, amma ni wani mai walda ne ya lanƙwasa mini ƙarfe mai tsaga, nake zame kyamarar baya har sai ginshiƙi na kusa ya daina motsi a kan na nesa. Sannan idan ka taɓa shiga ginin ƙasa, kada ka harba fitila a bango don ta dawo, domin jar ƙasa tana shanye haske, abin da ta mayar kuma ja ne. Farin ƙyalle ko laima ya fi.

Hajiya Asabe: Ni kuma roƙona biyu ne. Ka ɗauki zagaye ɗaya da hasken wurin kaɗai ka ajiye shi yadda yake, da kwanan wata, da sanda mai awon mita jingine a bango, ko da ba shi za ka nuna wa jama'a ba. Na biyu, ka kula da kanka. Kashin jemage da ya daɗe a rufaffen wuri yana iya ɗauke da ƙwayar cutar huhu, tsofaffin rufi da silin kuma wasunsu na asbestos ne, wanda ƙurarsa ke da illa idan ya farfashe. Ka sa takunkumi mai kyau da takalmi mai tauri, kada ka hau bene ko dakalin katako, ka duba amya kafin ka harba fitila a lungu, kuma kada ka je kai kaɗai.

Shugaban Zaure: Ina ƙara tunatar da mu ƙa'idar zauren nan. Kango yana da mai shi, ko hukuma ko magada, kuma sau da yawa akwai mai gadi. A nemi izini, a gaida mai unguwa, musamman idan za a kai magariba, domin walƙiya a cikin kango da duhu tana iya tara 'yan sintiri kafin mutum ya yi bayani. Idan an tarar da masu kwana a ciki, ba a ɗaukar su ko kayansu sai sun yarda. Kuma Ɗanladi ya kyauta da bai faɗi sunan garin ba. A bar shi haka, saboda masu ɓalle ƙarafa su ma suna kallon hotuna.

Ɗanladi: Assalamu alaikum. Bayan mako biyu, na koma jiya tare da ƙanena, mai gadin kuma ya karɓe mu hannu bibbiyu da ya ga mun biyo ta wurin mai unguwa. Na yi zagaye huɗu a layi ɗaya: ɗaya da hasken wurin kamar yadda Hajiya ta nema, ɗaya fitila tana cikin ofishin awo, ɗaya tana waje tana leƙowa ta tagar gabas, ɗaya kuma tana kwance kusa da bangon ƙarshe tana shafar sa. Ƙarfen mai walda na Yaya na Damagaram ya yi aiki, babu ginshiƙin da ya karye. Inuwa ɗaya kowane falle ya bayar. Abin da ban zata ba shi ne bangon ƙarshe: ashe akwai layukan ƙidayar buhuna da aka kankara a jikin siminti, biyar-biyar, jeri bisa jeri har sama da kaina, waɗanda ban gan su da idona ba a zuwan farko, kuma ba su fito a zagayen hasken wurin ba. Matsala ɗaya ta rage. Zirga-zirgar da muka yi wajen sauya wa fitila wuri ta tayar da ƙura, saboda haka falle na uku yana da sandar haske a iska wadda babu ita a sauran, kuma sawunmu ya ƙaru a daɓe daga falle zuwa falle.

Ɗan Damagaram: Layukan nan sun ci ni, na sallama a kan wannan bango, ban da sauran. Sandar hasken kuwa ni zan bar ta, ta fi komai kama da abin da ido ke gani a irin wurin da hunturu.

Malam Barau: Ka bar ta idan ta faɗo cikin hoto ɗaya, amma idan ta ratsa bakin ɗinki ka duba da kyau, domin ƙura ba ta tsayawa, kaurinta zai bambanta tsakanin hoto biyu. Game da sawu, ka ɗauki daɓen daga zagayen farko ka rufe na sauran. Wani karon ku bi gefen bango, hanya ɗaya zuwa da dawowa, ku kuma zauna minti goma bayan kowane sauyi kafin ka taɓa kyamara.

Hajiya Asabe: Ɗanladi, don Allah ka turo mini fallen bangon ƙarshe da cikakken girmansa, tare da na hasken wurin, ina son nuna wa ɗalibaina su biyun a jere. Idan kuma ka sake komawa, ka ɗauki layukan daga kusa da sandar awo a gefensu, ka tambayi mai gadin ko akwai dattijon da ya yi dako a siton yana raye a garin.